Sarƙewar numfashi da fargaba: yadda mai ciwon huhu zai riƙe hankalinsa a lokacin annoba

A ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. A ƴan kwanakin nan aka rufe makarantu da masallatai, aka hana taro, masallatan kuma ba su buɗe ba sai tsakiyar watan Mayu, azumi ya riga ya yi nisa. Kowa ya sha wuya, amma akwai waɗanda tasu wuyar ta ninka: mai asma, da tsohuwar da hayaƙin murhu ya cinye wa huhu, da wanda ya warke daga tarin fuka amma ƙirjin bai koma daidai ba. Safe da yamma rediyo na cewa cutar ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon huhu illa, su kuwa sun san da su ake. Tarin da aka saba jin suna yi shekara da shekaru ya koma abin gudu. Mutum ya yi tari a babbar kasuwar Maradi, sai ka ga an dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. A ranar 5 ga Mayu 2023 ta janye dokar ta-ɓaci kan korona. Sai dai hunturu na dawowa kowace shekara da hazonsa da murarsa, kuma annobar numfashi ba ta yi wa kowa alkawarin ba za ta sake zuwa ba. Ga mai ciwon huhu, tsoro wani ɓangare ne na ciwon, yana da magani kamar yadda tari ke da magani, kuma tun ana lafiya ake haɗa maganin.

Mataki na farko: gane yadda tsoro ke ƙara sarƙe numfashi

Idan ƙirji ya ɗaure, ƙwaƙwalwa na ɗaukar abin a matsayin haɗari. Nan take zuciya ta fara dukan uku-uku, kafaɗu su ɗage, numfashi ya koma gajere da sauri. Matsalar mai asma ko mai toshewar hanyoyin huhu kuwa ta fi yawa wajen fitar da iska, domin hanyoyin sun ƙuntata. Idan yana haki, kafin iskar da ke ciki ta gama fita ya jawo wata a kanta. Huhu ya cika da tsohuwar iska, sabuwa ta rasa wuri, sai ya ji kamar ana shaƙe shi. Jin shaƙewar ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara haki. Haka abin ke zagayawa.

Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma raki ba ne. Haka aka halicci jiki. Ina jin zafin yadda ake ce wa irin waɗannan bayin Allah “ka cika tsoro” ko “ki daina sa abu a rai”, alhali ciwon na gaske ne, tsoron ma na gaske ne.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, yana sa rawar hannu da bugun zuciya na ɗan lokaci. Wanda bai san haka ba zai shaƙa, ya ji zuciya na bugawa, ya ce shi ke nan mutuwa ta zo. Aikin maganin ne, kuma yana wucewa.

Mataki na biyu: je likita tun kana lafiya, ka dawo da takarda a hannu

Babu abin da ke rage fargabar dare kamar mutum ya san abin da zai yi idan abin ya taso. Ka je asibitin unguwa ko babban asibitin jiha ranar da ƙirjinka ke sake, ka ce: “Likita, ina so ku rubuta mini abin da zan yi idan numfashina ya sarƙe a gida.” Takardar ta ƙunshi sunan ciwonka, maganin kullum da yadda ake shan sa, maganin gaggawa da sau nawa za a shaƙa, da alamun da idan an gan su sai asibiti. Idan ba ka karanta Faransanci, a sa wani yaro ya juya maka ita da Hausa, ko da boko ko da ajami, a manna a bangon ɗaki. A ƙasanta a rubuta lambar ɗan kabu-kabu ko mai mota da aka yi magana da shi tun farko cewa ko ƙarfe biyun dare aka kira shi zai zo.

Maganin shaƙa iri biyu ne, kuma rikita su na jawo wahala. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, akwai na kullum mai kwantar da kumburin hanyoyin iska, wanda ba a jin aikinsa sai an jima ana shaƙa. A lokacin korona wasu sun bar na kullum ɗin saboda jita-jitar cewa yana rage ƙarfin jiki. Shawarar masana ciwon asma a duniya ita ce a ci gaba da shi, domin asmar da aka sake ta fi jefa mutum cikin haɗari. Mai shan maganin tarin fuka shi ma kada ya tsallake ko kwana ɗaya don tsoron zuwa asibiti. Yawanci wata 6 ne, kyauta ake ba da shi, kuma yanke shi a tsakiya na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani.

Idan da hali, a ajiye maganin wata guda gaba. Mun ga yadda rufe iyaka ke yi wa Maradi: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da Najeriya ta rufe tata, kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi tsada. Wanda ya san abin shaƙarsa ya kusa ƙarewa kuma babu wani, ba zai yi barcin kirki ba. Matan da ke cikin asusu, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi tun 1991, suna iya ware ɗan abin da za a ranta wa mai ciwo don magani.

Sai dabarar kwalba. Yawancin mutane ba su iya daidaita danna abin shaƙa da jan numfashi ba, balle a cikin firgici, sai maganin ya tsaya a baki. A samu kwalbar roba mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a wanke ta da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta. A girgiza maganin, a cusa shi a hujin, a kama bakin kwalbar da leɓe, a danna sau ɗaya, a yi numfashi 4 zuwa 6 a cikinta a natse, sannan a sake dannawa idan da bukata. An gwada wannan kwalba a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu, aka ga tana aiki kamar wadda ake sayarwa a farmasi.

Mataki na uku: koyi numfashin da ke karya haki

Wannan sai an maimaita shi kullum lokacin da babu komai, don jiki ya haddace. Bayan sallar asuba da bayan la'asar, minti biyar-biyar ya isa.

Zauna a bakin gado ko kan kujera, ka ɗan sunkuyo, ka ɗora gwiwar hannu a kan cinya. Saki kafaɗunka su sauka, domin mai haki yakan ɗage su har kunne bai sani ba. Ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya, biyu. Sannan ka tsuke leɓe kamar mai hura kunu mai zafi, ka fitar da ita a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Kada ka tura ta da ƙarfi. Tsuke leɓen na sa hanyoyin iska su daɗe a buɗe, tsohuwar iska ta samu fita. Hankalinka ya tsaya a kan fitarwa. Shigowar iska za ta zo da kanta.

Ka riƙe mafici kusa. Iska mai sanyi idan tana bugun fuska, wajen hanci da kumatu, tana rage jin shaƙewa, kuma likitocin huhu na ba da wannan shawara. Tsumma mai ɗan ruwan sanyi a fuska shi ma yana taimakawa. Wanda ya saba da zikiri zai iya ɗora shi a kan fitar iskar, ya ja tasbihi ɗaya duk fita ɗaya, hannu da zuciya su samu abin riƙewa.

Mataki na huɗu: san ranar da ba a zama gida

Numfashin da aka koya ba ya maye gurbin magani. Idan mai asma ya rasa gane ko tsoro ne ko ciwon ne, ya ɗauka ciwon ne: ya zauna a miƙe, ya shaƙi maganin gaggawa yadda aka rubuta masa, ya haɗa da numfashin leɓe. Idan ya shaƙa babu sauƙi, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya yanke, ko leɓe da farce sun sauya launi, ko ya fara ruɗewa da gyangyaɗi, ko ƙirjin da ke kuka ya yi tsit alhali yana fama, to a tafi asibiti a lokacin, ana ci gaba da shaƙa masa maganin a hanya. Haka idan zazzaɓi ya haɗu da ƙaruwar haki, ko kaki ya sauya launi, ko aka ga jini.

A lokacin korona mutane sun guji asibiti don tsoron a ce suna da cutar a killace su. Mai ciwon huhu ba shi da wannan zaɓin. Ya rufe baki da hanci ya tafi.

Mataki na biyar: nisanci cutar, ka riƙe mutanenka

Nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Iyali na son kare tsoho, sai su kai shi ƙuryar ɗaki, a hana jikoki shiga, a riƙa ajiye masa tuwo a bakin ƙofa. Mutumin da rayuwarsa duka gaisuwa ce, da zaman majalisa, da zuwa suna da jana'iza, an raba shi da duk abin da ke sa ya ji shi mutum ne. Sati biyu sai ka ga ya daina cin abinci, ya daina magana, kuma zaman wuri ɗaya ya ƙara kashe masa ƙarfin ƙafa da na ƙirji.

Ƙwayar cutar numfashi ta fi yaɗuwa a ɗaki rufaffe mai cunkoso. A fili, inda iska ke kaɗawa, haɗarin ya ragu ƙwarai. Gidajenmu kuwa da tsakar gida suke. A shimfiɗa wa Baba tabarmarsa ƙarƙashin bedi ko rumfa, masu gaisuwa su zauna nesa da shi kamar taku biyu zuwa uku, a gaisa da baki a ɗora hannu a ƙirji. Mai mura ko tari sabo ya dakata sai ya warke. Jikoki su yi wasansu inda zai gan su. Idan ƴan fada sun dafa shayi, a zuba masa a kofinsa shi kaɗai, kada a zagayo da kofi ɗaya.

A tsara waya ma. Kada a bar ta sai wanda ya tuna. Ɗan da ke Yamai ya ɗauki Juma'a, ɗiyar da ke aure a Tasawa ta ɗauki Litinin, ƙanin da ke Kano ya riƙa aiko saƙon murya ta WhatsApp. Mai ciwo ya san gobe akwai wanda zai kira. Kuma a bar masa aikinsa na gida: a ci gaba da kawo masa shawara, Inna ta ci gaba da auna hatsin da za a daka, malami ya ci gaba da biya wa yara karatu daga nesa. Mutum na jure ciwo idan ya ga har yanzu ana bukatarsa.

Maganar tsangwama kuma, gara a tare ta da baki. Mai tsohon tari ya faɗa wa maƙwabta da abokan sana'a sau ɗaya a sarari: “Tarin nan nawa asma ce, na daɗe da ita, ba ta yaɗuwa.” Asma da toshewar huhu ba a ɗaukar su daga wani. Mai tarin fuka da ke shan magani daidai shi ma yakan daina yaɗa cutar bayan ƴan makonni, likitansa zai gaya masa lokacin.

Ƙyallen rufe baki da hanci na tayar wa wasu da hankali, su ji kamar an toshe su. An auna iskar jinin masu ciwon huhu suna sanye da irin na asibiti, ba a ga ta ragu yadda za ta cutar ba. Zafi da ɗumin numfashi ne ke kawo jin ƙuncin. A fara saba da shi a gida, minti biyar, gobe goma. Yana kuma tare ƙurar hunturu. Idan ciwo ya taso sosai a cire a koma gefe. Rigakafi idan ya samu, kamar yadda na korona ya iso Nijar a Maris 2021, masu ciwon huhu na cikin waɗanda suka fi bukatarsa.

Mataki na shida: rage labari

Sau ɗaya ko biyu a rana, daga rediyon da aka yarda da shi, ya wadatar. Bayan magariba a daina. Saƙonnin murya da ake turawa daga waya zuwa waya, na gawarwaki da na maganin da “wani likita ya gano”, a roƙi masu turowa su daina, ko a fita daga rukunin.

Mataki na bakwai: gyara iskar gida da tsarin yini

Duk abin da ke tayar da tari yana tayar da hankali. Tsoron annoba ya sa gidaje da yawa suka ƙara turare da hayaƙin itatuwa don korar cuta, suka riƙa wanke ko'ina da ruwan jabel mai ƙarfi. Ga mai asma waɗannan su ne masu tayar da ciwon. Turaren wuta, maganin sauro na hayaƙi, taba da shisha, duk a fitar da su daga inda yake kwana, a ɗaura masa gidan sauro. Murhu ya kasance a fili, itace ya bushe sosai, mai ciwon kuma a ɗauke mata girki idan da wadda za ta karɓa. A yayyafa ruwa kafin shara. Ranar da hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen layi, a zauna ciki, a rufe tagar da ke fuskantar iska.

Tafiya kuwa wajibi ce. Mai tsoron haki yakan daina motsi, rashin motsi ya raunana jiki, sai ɗan abu kaɗan ya sa shi haki. A zagaya tsakar gida da hantsi ko da yamma, da saurin da za a iya magana ana tafe. An gaji a tsaya, a jingina da bango, a yi numfashin leɓe, a ci gaba. Ɗan haki a lokacin motsi ba ya lalata huhu.

Don barci, a ɗaga kai da ƙirji da matashi biyu, a bar shayi mai ƙarfi da goro tun la'asar. Ina roƙo da babbar murya a guji ƙwayoyin masu tebur. Tramol da ƙwayoyin sa barci irin diyazefam suna rage ƙarfin numfashi, ga mai raunin huhu suna iya zama ajali. Dekisametazon da ake sha barkatai don ƙiba ko don ƙirji ya sake, yana hana barci, yana rikita hali, yana tayar da sukari da hawan jini. Likita kaɗai ke ba da shi, na ƴan kwanaki.

Mataki na takwas: ibada ba tare da jin laifi ba

Dattijon da bai taɓa rasa jam'i ba, ranar da aka ce ya yi salla a gida yakan ji kamar ya yi zunubi. A tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa. Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wanda tsayuwa ko sujada ke sarƙe wa numfashi ya yi salla a zaune. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwamen azumi ya rama daga baya. Game da abin shaƙa da rana a Ramadan malamai sun saɓa, da yawa sun ce ba ya karya azumi. Mutum ya tambayi malaminsa tun watan Sha'aban don kada shakka ta hana shi magani lokacin da ƙirji ya ɗaure. Limamin unguwa idan ya leƙo ya tsaya daga bakin zaure ya yi addu'a, abin da yake sakawa a zuciyar mai ciwo ba kaɗan ba ne.

Mataki na tara: idan damuwar ta zama ciwo

Ɓacin rai na kwana biyu kowa na yi. Amma idan an kai sati biyu mutum ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, barci ya gagara ko ya yi yawa, yana kuka ba dalili, yana cewa ya zame wa iyali kaya, ko ya daina shan maganinsa da gangan, wannan ciwon damuwa ne, kuma ya fi kama masu doguwar jinya. Ana maganinsa da zaman tattaunawa da ma'aikacin lafiya, wani lokaci da ƙwayoyi. A faɗa wa likitan da ke duba ƙirjin kai tsaye: “Likita, ba ƙirjin kaɗai ba, raina ma ba daɗi.” Shi zai tura inda ya dace. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce masa “kai, yi istigfari” a wuce. A zauna a saurare shi, a kawar da magunguna masu yawa da maganin ƙwari daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ga mai jinya

Lokacin da numfashi ya sarƙe, fuskarki yake kallo. Idan gida ya ruɗe da salati da kuka, mutum goma suka yi masa rumfa, tsoronsa zai ninka. Mutum ɗaya ya tsaya, saura su ba da wuri iska ta shigo. Ki durƙusa daidai fuskarsa, ki miƙa kwalbar da maganin, ki riƙa fifita, ki yi magana ƙasa-ƙasa: “Sannu Baba, ina nan. Ku saki kafaɗa. Ku fitar a hankali, tare za mu yi.” Ki yi numfashin da kanki ya gani ya bi. Kada ki jera masa tambayoyin da sai ya yi dogon bayani. Wadda zai amsa da kai ta isa. Idonki kuma na kan alamun da ke jikin takardar bango, wayar ɗan kabu-kabu na hannun wani.

Ke ma jikinki da ranki suna da haƙƙi. A raba kwanan jinya tsakanin mutum biyu ko uku tun kafin ki gaji, kuma a koya wa kowannensu yadda ake haɗa kwalbar da inda ake ajiye maganin, har da yaron da ya fi zama a gida.